Martani: Mai shagon Tasawa ya fi kowa buƙatar sanin soket ɗin kwamfutarsa

A kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala kan sayen kwamfutar tebur a Nijar, inda ya kafa hujja uku. Ta farko, wai cece-kucen da ake yi kan tsawon ran soket, wato gurbin da firosesa ke zama a kan babban allon kwamfuta, hayaniya ce ta samarin Turai da Amurka masu wasannin kwamfuta, waɗanda ke sauya kaya don sha'awa. Ta biyu, wai jama'a sun koma waya da laftof, kwamfutar tebur ta zama tarihi. Ta uku, wai kamfanin Intel ba ya sauya soket sai ci gaban fasaha ya tilasta masa, don haka babu abin zargi. Ya rufe da shawara ga mai saye: ya duba wadda ta kama wuta, ta kuma yi araha, ya biya ya ɗauka.

Malamin ya yi rubutunsa da kyakkyawar niyya, kuma akwai inda ya faɗi gaskiya, za a zo wurin. Amma idan mai shago a Tasawa ko shugaban wata makaranta a Mayahi ya bi shawararsa ta ƙarshe, zai iya zuba jarinsa a abin da ba ya gyaruwa. Bature yana tambayar soket ne don neman ƙarin gudu. Mutumin Tasawa kuwa abin da ke gabansa shi ne ranar da wani abu zai ƙone a cikin akwatin: za a sauya abin da ya ƙone shi kaɗai, ko sai an yar da duka?

A fara da hujja ta biyu, don ita ce ido ke iya tantancewa. Duk wanda ya ratsa Tasawa ta babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram zai ga shagunan buga takardu da fotokofi, inda ɗalibi ke haɗa takardun jarrabawar BEPC da BAC, mai neman aiki ya buga takardarsa, dangin amarya su fitar da katin gayyata. Zai ga masu ɗaukar hoto, da 'yan turi masu zuba fina-finan Kano da wa'azi da karatun Alƙur'ani a memori. Ya ƙara da ofisoshin magajin gari, da asibitocin gunduma da ke shigar da alƙaluman lafiya, da gidajen rediyon karkara, da wuraren aika kuɗi. Sau da yawa abin da ke ƙarƙashin tebur a irin waɗannan wurare baƙin akwati ne na Dell ko HP ko Lenovo, na hannu, wanda ya gama aikinsa a wani ofishi a Turai kafin ya hau jirgin ruwa. Waya ba ta tsara kundin shafi tamanin, ba ta ciyar da firinta daga safe zuwa magariba. Laftof kuwa, tun bayan zubi na huɗu na firosesan Core na Intel aka daina sa masa soket, ana liƙa firosesan da dalma a jikin allo. Idan ya mutu, allo da firosesa tare suke tafiya. Kwamfutar tebur ita ce ta rage wadda ake kwance ta ƙwaya-ƙwaya, shi ya sa mai ƙaramin jari ke riƙe da ita.

Ga wanda bai taɓa buɗe akwatin ba, a ciki akwai babban allo, wanda masu gyara a Nijar ke kira kart mer, na Kano su ce madabod. Komai a jikinsa yake. A tsakiyarsa akwai gurbi mai kusurwa huɗu, nan firosesa ke kwanciya. Lambar da ke cikin sunan soket ɗin Intel adadin ƙananan allurai ne da ke taɓa ƙasan firosesa: LGA1155 na da 1155, LGA1150 na da 1150. Allura biyar ce tsakaninsu, amma firosesan ɗaya ba ya shiga ɗayan. A gefe akwai cifset, mai kula da zirga-zirga tsakanin sassan na'ura, da BIOS, ƙaramar manhajar da ke ta da kwamfuta, wadda sai ta san firosesan kafin ta yarda ta kunna shi. Sai ram, shi ma iri-iri ne, DDR3 da DDR4 da DDR5, kowanne da tsagarsa a wuri dabam. Sai waɗannan huɗun sun yi jituwa hoto ke fitowa a fuskar kwamfuta.

Tarihin Intel a wannan fage ba ɓoyayye ba ne. LGA775 ya fito a 2004, ya ɗauko tun daga Pentium 4 har Core 2 Quad. Daga nan tafiyar ta yi sauri: LGA1156 a 2009, LGA1155 a 2011 don zubi na biyu da na uku, LGA1150 a 2013 don na huɗu da na biyar, LGA1151 a 2015, LGA1200 a 2020, LGA1700 a ƙarshen 2021, sai LGA1851 a watan Oktoba na 2024. Galibi zubi biyu kowane soket ke ɗauka a rufe shi. LGA1700 ne ya kai uku. Fankar da ke sanyaya firosesa tana hawa 1156 da 1155 da 1150 da 1151 da 1200 ba tare da an sauya ko kusa ɗaya ba, don ramukan ɗaure ta wuri ɗaya suke. Firosesan da ke ƙarƙashinta ne ba ya ƙaura.

Babu wanda zai sayi babur a kasuwar Tasawa bai tambaya ko kanikawan gari suna da kayan gyaransa ba. Ya san babur mai kyau da ba a samun fistan ɗinsa sai a Yamai, jingine shi za a yi a zaure. Wannan tambayar ce marubucin ke cewa a daina yi idan an zo kan kwamfuta, alhali kwamfuta a nan ta fi ta Turai haɗuwa da abin da ke kashe ta.

Na farko wuta. Babban kaso na kuran da yankunan Maraɗi da Damagaram ke sha yana shigowa ne daga Katsina ta layin da ke sauka a Gazawa, maƙwabciyar Tasawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Watanni bakwai ke nan masu shago suna rayuwa tsakanin ɗauke wuta da ƙaramin gurup. A ƙauyukan Korgom da Urafan, ko Isawan da Kanambakashe a ɓangaren Mayahi, mai kwamfuta ya fi dogara da faifan sola da batir. Kowane ɗauke wuta da dawowarta, kowane hawa da saukar ƙarfinta, akwatin wutar kwamfuta ne ke fara sha, idan ya gaza ya miƙa wa babban allo. Na biyu zafi: a Afrilu da Mayu ma'auni na haura digiri 40 a inuwa, shago kuma rufin kwano ne. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka har sassan da ke daidaita wutar firosesa su dafu. Na huɗu tsawar damina.

Duk mai gyara ya san wanda ke rigan mutuwa a cikin akwatin. Firosesa da wuya ya lalace. Ƙarfe ne da yashi, ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma yana rage gudu ko ya kashe kansa idan zafi ya yi yawa. Akwatin wuta da babban allo su ne ke tafiya. Saboda haka abin da ya fi faruwa a shagon gyara shi ne a tarar da lafiyayyen firosesa da lafiyayyen ram a kan mataccen allo. A wannan ranar ce ake sanin darajar soket. Idan gurbin na gama-gari ne, allo kawai za a nema. Idan na ƙaramin zamani ne da aka yi watsi da shi, sai a nemi allon ruwa a jallo, a ƙarshe a sayi allo da firosesa da ram gaba ɗaya, wato sabuwar kwamfuta a tsohon akwati.

Neman ma ba a bakin ƙofa yake ba. Tasawa na nesa da Maraɗi da fiye da kilomita 100, Mayahi kuma tana arewa, a gefen babbar hanya. Abin da ba a samu a Maraɗi ba sai an aika Katsina ko titin Beirut a Kano, wani lokaci har kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Kayan da a da ke sauka a Kwatano su bi ta Malanbil da Gaya, tun rufe iyakar Benin a 2023 suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Mai shago da kwamfutarsa ta mutu ana saura mako biyu a rufe karɓar takardun jarrabawa, kowace ranar jira ciniki ne ya koma shagon maƙwabci. Bature zai danna waya a kawo masa allo washegari. Wanda kayan gyara suka fi yi wa nisa shi ya fi buƙatar na'urar da kayanta ke ko'ina.

Sai tarkon da ya fi cin kuɗin mutane, wanda maƙalar ba ta ko ambata ba. A watan Janairu na 2017 Intel ya fitar da zubi na bakwai a kan LGA1151. Wata tara bayan haka, a Oktoba, ya fitar da zubi na takwas a kan soket mai suna ɗaya, allurai 1151, tsaga wuri ɗaya. Firosesan zubi na takwas yana shiga allon zubi na bakwai daram, a rufe maƙulli, a ɗaura fanka, a danna wuta, babu abin da zai fito. Na bakwai ma ba ya tashi a allon na takwas. Kama da wane ba ta wane. Mai gyara da ya yi odar i5-8500 daga Kano don ya sa a Dell OptiPlex 7050 ya yi asarar kuɗin mota da na kaya, ba don wani ya cuce shi ba, don dai sunan soket ɗin ya yaudare shi. Irin wannan ta faru a baya: allunan LGA1155 masu cifset Q65 da Q67, irin na OptiPlex 790 da 990, ba sa karɓar zubi na uku, alhali mai H61 yana karɓa idan an sabunta BIOS. Ta sake faruwa a LGA1200, inda allunan H410 da B460 suka ƙi zubi na goma sha ɗaya. Mai bin shawarar a ɗauki duk wadda ta kama wuta ba shi da hanyar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Nan ne hujja ta uku ke shigowa. Gaskiya ne akwai dalilin fasaha: zubi na takwas ya ƙara ƙwayoyin aiki daga huɗu zuwa shida, Intel ya mayar da wasu allurai da ke zaune banza su zama masu kai wuta. Gaskiya ne kuma sauya ram daga DDR4 zuwa DDR5 kan zo da sabon allo. Sai dai masu ƙwaƙule-ƙwaƙulen na'ura sun gyara BIOS, sun rufe 'yan allurai, sun ta da firosesan zubi na takwas a kan tsofaffin allunan zubi na shida da na bakwai. Wannan ba aikin da za a ba mai shago shawarar yi ba ne, amma ya nuna ƙofar ba fasaha kaɗai ta rufe ta ba, akwai shawarar kamfani a ciki. Babbar shaida kuma ita ce abin da abokin hamayyar Intel ya yi a daidai wannan lokaci.

AMD ya fito da soket AM4 a 2016, firosesan Ryzen na farko suka hau shi a watan Maris na 2017, kamfanin ya yi alkawarin riƙe shi har 2020. Ya wuce alkawarin. Ryzen 3000 sun zo a 2019, Ryzen 5000 a ƙarshen 2020, 5800X3D a Afrilun 2022, 5800XT da 5900XT a 2024, har a 2025 an sake fitar da 5500X3D a kan wannan soket. A tsawon wannan lokaci Intel ya bi ta LGA1151 na farko, da na biyu, da 1200, da 1700, da 1851.

A ɗauki mutum biyu da suka haɗa kwamfuta a 2017. Ɗaya ya sayi Core i5-7500 mai ƙwaya huɗu, ɗayan ya sayi Ryzen 5 1600 a kan allon B350. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, sai wani ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa, ban da 'yan ƙalilan, ba ya lissafa firosesan Intel da ke ƙasa da zubi na takwas, ba ya lissafa Ryzen na farko. Duka biyun sun faɗa waje. Amma mai B350 zai sabunta BIOS, ya cire tsohon firosesa, ya sa Ryzen 5 5600 ko 5600G mai katin hoto a jikinsa, allonsa da ram ɗinsa da akwatinsa suna nan, ya shiga jerin da aka amince da su, da gudun da ya fi na da nesa ba kusa ba, kuma a kan wat 65 ɗin da batirinsa ya saba ɗauka. Mai i5-7500 fa? Ƙololuwar abin da allonsa ke karɓa shi ne i7-7700K, ƙwaya huɗu, shi ma ba ya cikin jerin. Dole ya sayi sabon allo. Idan ya tsallaka zuwa na zamani har da sabon ram, a lokacin da farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025. Shekara ɗaya suka saya, ɗaya ya gyara da ƙwaya ɗaya, ɗayan sai ya sake lale. Wannan lissafin aljihu ne, babu ruwansa da wasan kwamfuta.

Ba a kawo AMD don a wanke shi ba, kuma nan ne marubucin ke da rabon gaskiya da ya ce alkawarin kamfani talla ce. A watan Mayu na 2020 AMD ya sanar cewa Ryzen 5000 ba za su hau allunan B450 da X470 ba, yana cewa ma'ajiyar BIOS ɗinsu mai megabait 16 ba za ta ɗauki bayanan dukkan firosesan ba. Masu saye suka yi ca, cikin mako biyu ya janye. Allunan farko, A320 da B350 da X370, sai a 2022 aka buɗe musu ƙofar gaba ɗaya. Soket ɗinsa na FM1 na 2011 shekara guda ya yi aka maye gurbinsa, sTRX4 na 2019 kuma an yi masa alkawarin dogon zamani ya ƙare a zubi ɗaya. AM5 da ya fito a Satumban 2022, wanda aka ce za a riƙe shi har 2027 ko fiye, ba ya karɓar komai sai DDR5. Amma darasin 2020 ya juya wa marubucin baya: kamfani ya sauya shawara ne saboda masu saye sun san soket, sun san cifset, sun yi magana. Da sun bi shawarar a yi shiru a ɗauki mai araha, da an rufe ƙofar an wuce.

Akwai wani wurin da malamin zai iya tsayawa ya ce: to ai yawancin abin da ke isowa Maraɗi na ofis ne, Dell da HP, kuma kusan duka Intel, ina ruwan mai saye da AM4? Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya ƙara wajabta tambayar. Waɗannan kamfanoni suna ƙera allo da akwatin wuta na kansu. OptiPlex 3020 da 9020 suna da mahaɗin wuta mai ƙafa takwas a maimakon ashirin da huɗu na gama-gari; HP ma tana da nata mai ƙafa shida. Allon kasuwa ba ya zama a akwatinsu cikin sauƙi. Ko waɗanda suka ƙera da AM4, ba lallai su fitar da BIOS ɗin da zai karɓi sabon zubi ba, wasu na'urorin Lenovo ma suna kulle firosesan Ryzen PRO ta yadda ba zai tashi a allon wani kamfani ba. Mai sayen na ofis yana buƙatar sanin cewa gyaransa zai fito ne daga 'yar'uwarta, wato irinta sak da ta mutu ta wata hanyar. Saboda haka ya zaɓi samfurin da ya cika kasuwa, ya guji baƙon samfuri komai araharsa.

Kasuwa da kanta ta riga ta yanke hukunci kan wannan muhawara. Intel ya bar LGA1155 tun 2013, amma har yau ƙananan masana'antu a Sin suna ƙera sababbin allunan H61 da H81 suna sayarwa da araha a Afirka da Asiya. Suna yi ne don akwai miliyoyin lafiyayyun firosesan zubi na biyu zuwa na huɗu da ke neman wurin zama. Da soket ba ya damun talaka, da babu mai sayen waɗannan alluna. Ingancinsu hawa-hawa ne, wasu ba sa jure zafi, amma su ne ke mayar da shaguna da yawa bakin aiki.

Abin da ke tafe shi ne ya sa wannan martani ya zama na gaggawa. A ƙarshen 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda ƙarewar Windows 10. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke na zubi na shida da na bakwai, kuma an san inda kayan da aka sauke ke nufa. Za su iso da tsabta, da tambarin Core i5 ko Core i7 a goshi, da farashi mai daɗi. Wasu za su zo da Windows 11 da aka cusa ta bayan gida, wanda Microsoft ya ce bai lamunce masa sabuntawa ba. Ba haramun ba ne sayensu. Wanda aikinsa buga takarda ne ba tare da intanet ba, ko wanda zai iya aiki da Ubuntu ko Linux Mint, za su yi masa shekaru. Amma ya saya da sani, a farashin abin da ya kai ƙarshen hanyarsa. Wanda zai riƙe bayanan marasa lafiya, ko kuɗin jama'a, ko rajistar haihuwa a kan intanet, bai kamata ya ɗora su a kan na'urar da ba ta samun kariya ba. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka, amma kwamfutar da ke kama wuta a ranar ciniki ba a kiranta shara a kwastan. Mai saye ne kaɗai zai iya tace ta.

Tacewar kuma ba ta da wuya. Tambarin Core i5 shi kaɗai ba ya faɗin komai, don tun 2009 ake yin i5. A nemi cikakkiyar lamba. Adadin farko bayan ɗan layi shi ne zubi: 4570 na huɗu, 7500 na bakwai, 8500 na takwas, daga na goma kuma adadi biyun farko, kamar 10400 da 12400. A OptiPlex, 9020 na huɗu ne, 7040 na shida, 7050 na shida ko na bakwai, 7060 na takwas. A HP EliteDesk 800, G1 na huɗu, G2 na shida, G3 na shida ko na bakwai, G4 na takwas. Manhajar CPU-Z kyauta ce, cikin minti ɗaya take nuna soket da cifset da lambar BIOS. A buɗe murfi a ga mahaɗin wuta na gama-gari ne ko na kamfani. Wanda zai haɗa da kansa ya duba jerin firosesan da mai allon ya wallafa kafin ya aika kuɗi Kano. Idan za a sabunta BIOS, a yi tun tsohon firosesa yana ciki, kuma a kan ondiler, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko batir mai caji, don ɗauke wuta a tsakiyar aikin na iya kashe allon. A soket ɗin Intel alluran a jikin allo suke, lanƙwasa ɗaya ya isa ya ɓata shi. A AM4 a jikin firosesa suke, a ɗaga fanka a hankali kada ta fizgo shi.

Kira na musamman ga magadan gari, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin agaji da ke buɗe ɗakunan kwamfuta a Tasawa da Mayahi. A rubuta zubi da soket a takardar odar kaya, kada a tsaya ga Core i5 kawai. Idan za a sayi ashirin, su zama samfuri ɗaya, ta yadda wadda ta mutu za ta ciyar da sauran da ram da akwatin wuta da firosesa. A ware kuɗin regilater da ondiler tun a kasafin farko. Kyautar da aka kawo daga waje ma a tambayi lambarta kafin a sa hannu. Cibiyoyin koyon sana'a kuma su koya wa matasa karanta jerin dacewar allo da firosesa kamar yadda suke koya musu riƙe dalma.

Marubucin ya yi daidai da ya ce kada talaka ya bi yayin sabon kaya, kuma kada ya dogara da alkawarin kamfani. Ya yi kuskure da ya ɗauki hakan ya zama dalilin rufe ido. Shawararsa ta fi amfanar mai son sauke tsohon kaya a kan mai saye. Duk wanda zai sayi kwamfutar tebur a Tasawa ko Mayahi daga yau, ya sa mai kaya ya rubuta masa cikakkiyar lambar firosesa da sunan soket a kan rasit, ya kai wa mai gyaran garinsu ya tambaye shi ko ana samun allon, kafin ya ƙirga kuɗi.